Ni Ne Tafintan Matata a Alƙahira

Cikin sanyi muka sauka Alƙahira, ni da matata Habiba, kowa a gida yana zaton maganin mahaifarta muka je nema. Haka na gaya wa mahaifiyata a Ƙofar Guga, haka na gaya wa surukaina a Ƙofar Sauri, haka abokaina masu sayar da labule suka sani a kasuwa. Ita ma Habiba haka ta sani. Ni kaɗai na san ba haka ba ne. Tun a shekarun farko na aurenmu na saci jiki na je Kano aka gwada ni, likita ya ce ƙwayoyin haihuwata kaɗan ne, 'yan waɗanda ke akwai ma ba su da kuzari. Na dawo na kama bakina. Ina kallo aka yi ta ɗura mata saiwoyi, ana turara ta, ana kai ta wajen masu gyaran mara. Ni kuwa ana ta yaba mini haƙuri, ina amsawa.

Wanda ya tarbe mu a filin jirgi wani ɗan ƙasarmu ne, Kabiru, da ya je karatu tun da daɗewa ya zarce da dillancin marasa lafiya. A waya ya ce mini masaukinmu na jikin asibiti. Da muka isa sai na ga wani dogon bene a unguwar Hayyul Ashir, ɗakinmu can sama, na'urar hawa ta mutu tun kafin a haifi wasu yaran gidan. Asibitin kuwa sai an shiga mota biyu. Na yi magana, ya yi dariya.

"Alhaji, a Masar wannan ai kusa ne. Kuma hawa bene lafiya ce ga Hajiya."

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma na bar shi yana ce mini Alhaji.

Shi ya kamata ya yi mana tafinta a wajen likita. A ƙofar asibitin na ce ya koma, ai likitar tana jin Turanci, ni kuma na gama sakandare. Gaskiyar magana ba na son ɗan gida ya ji sakamakona. Habiba firamare ta yi da Islamiyya. Larabcinta na karatun Alƙur'ani ne, na Misirawa kuwa ko ɗigo ba ta kamawa. Da haka na zama kunnenta da bakinta a ƙasar mutane.

Likitar mace ce mai furfura a gefen ɗankwali, ba ta da yawan murmushi. Bayan an gama gwaje-gwaje ta zaunar da mu, ta yi magana a hankali don in gane. Ta ce matata lafiyarta ƙalau, matsalar daga gare ni take. Ta ce dashen ciki za a yi: za a yi wa Habiba allurai har ƙwayayenta su nuna, a ciro su, a zaɓi mai rai daga cikin nawa a haɗa, in ya kama a mayar cikin mahaifarta. Na riga na tambayi malami a gida, ya ce muddin na miji da na matarsa ne babu laifi. Da ta gama sai ta nuna Habiba da biro ta ce in faɗa mata.

Habiba ta dube ni. "Mi ta ce, Malam?"

Na ce, "Ta ce mahaifarki ce ba ta riƙewa da kanta, sai an taimaka mata."

Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ka yi haƙuri da ni."

Likitar ta ga matata ta sunkuya, ta ɗauka tausayina take ji, har ta miƙo hannu ta dafa ta. Ni kuma na ce na gode.

Aka shiga allurai. Kullum sai an soka mata a fatar ciki, har wurin ya yi tabo-tabo, cikin ya kumbura kamar ta sha ruwa ya ƙi sauka. Da wannan cikin take hawa benen nan, tana tsayawa a kowane hawa tana riƙe da ƙarfe. Ni abin da aka nema daga gare ni bai wuce in shiga wani ɗan ɗaki da ɗan kofin roba ba. A kan wannan kaɗai na yini ina fushi, ina cewa an ci mutuncina, har Habiba ce ta koma tana lallashina.

Kewar gida ta fi kama ni ta wajen abinci. Burodinsu da wakensu sun ishe ni, ita kuma babu abin da take marmari sai kunu. Na yi ta yawon neman gero har wani ya kwatanta mini shagon masu sayar da tsuntsaye. Can na same shi a buhu, kusa da kejin aku. Da na ce a auna mini da yawa, mai shagon ya tambaye ni da hannu tsuntsaye nawa gare ni. Na ɗaga yatsu biyu. Da na ba Habiba labari ta yi dariya har da riƙe ciki tana cewa in bari, wurin allura na ciwo. Ban san ranar da ta sake yin irin wannan dariyar ba a ƙasar.

Dashen farko bai kama ba. Ranar da aka gaya mana ba ta yi kuka a asibiti ba, sai da muka hau bene ta zauna a kan matakala ta ce, "Malam, ka maishe ni gida. Kada ka ƙare a kaina." Ina tsaye a kanta, maganar tana bakina, na haɗiye. Na ce mata kada ta damu, ni mai haƙuri ne.

A nan kan matakalar wata tsohuwa ta same mu. Baƙa ce doguwa, ta naɗe jikinta da mayafi irin na matan Sudan. Ta tsaya ta saurare mu, sai muka ji ta ce, "Ku Hausawa ne? Sannunku da wahala." Hausarta wata iri ce, tsohuwa, haɗe da Larabci. Sunanta Hajja Amna. Ta ce kakanta ya taso da ƙafa daga ƙasar Katsina za shi Makka, ya tsaya a Sudan bai ƙarasa ba, bai kuma koma ba. Yaƙi ne ya koro ta Masar, tana zaune da 'yarta a hawan da ke ƙarƙashinmu. Ba ta tambayi abin da ya sa Habiba kuka ba. Ta kama hannunta ta kai ta ɗaki, da yamma ta aiko da miyar busasshiyar kuɓewa. Daga ranar Habiba ta samu uwa.

Kafin a sake gwadawa izinin zamanmu ya kusa ƙarewa. Kabiru ya karɓi fasfunanmu ya ce zai sabunta, ya ɓace. Waya ba ya ɗauka. Da na gano shi a wani shagon shayi na ɗaga murya, sai ya ja ni gefe.

"Alhaji, sassauta. Ni fa duk wanda na kai asibitin nan na san abin da ya kai shi. Mutanen Katsina suna zuwa nan kullum sayen kaya. Ban taɓa ce wa kowa komai ba."

Na san abin da ake cewa a gida game da irin wannan haihuwa. Ɗan kwalba, wasu ma su ce wa ya san na wane ne aka zuba. Na yi laushi, har na biya masa kuɗin shayin. Fasfunan sun dawo daga baya ba a yi musu komai ba, sai 'yar Hajja Amna ce ta raka ni ofishin muka yini a layi.

Guzuri ya yi ƙasa, na fara bin 'yan kasuwarmu masu zuwa sarin dogayen riguna ina ɗaure musu kaya suna sallamata. Wata rana kaya suka riƙe ni, ga Habiba tana da ganin likita kafin dashe na biyu. Na ce Hajja Amna ta raka ta, ai awo ne kawai. Ban yi tunanin cewa tsohuwar tana jin Larabci kamar ruwa ba.

Da na dawo bayan la'asar na tarar da Habiba tana tace gasara. Ba ta yi mini sannu da zuwa ba.

"Malam, yaushe ka sani?"

Ban tambaye ta me ba. Na ce, "Tun wani zuwa da na yi Kano."

"Kafin Gwaggo ta sa a yi mani ƙaho a mara, ko bayan nan?"

"Kafin."

Ta ci gaba da matse tsumman tata har ruwan ya daina ɗiga. Na durƙusa na fara ba ta haƙuri, ta ce in tashi, ba ta son ganin haka.

"Kai ka kai ni gidan mai ƙahon nan a mashin ɗinka. Ka jira ni a waje, ka saya mani lemu." Ta ajiye tsumman. "Ba ni faɗa ma kowa. Ba don kai ba, don abin da muka zo nema. Amma daga yau ba kai ne mai gaya mani maganar likita ba."

Haka aka yi. Tun daga ranar mu uku muke shiga, likita ta yi Larabci da Hajja Amna, Hajja Amna ta juya wa Habiba, ni ina kujerar baya kamar wanda ya rako su. In na tambaya, wani lokaci a gaya mini, wani lokaci a ce ba da ni ake ba.

Dashe na biyu ya kama. Sai dai tun cikin bai yi ƙwari ba ta fara ganin jini, likita ta ce babu maganar jirgi. Muka zauna. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, azumi ya same mu can, muka yi salla a ɗaki ɗaya da tuwon geron tsuntsaye. A gida ana ta waya ana murna, don na ce musu wankin mahaifa aka yi mata, ciki ya shiga da kansa.

Duk bayan 'yan makonni ake ɗora ta a gado a shafa mata wani mai a ciki a yi hoto. Ranar da na fara jin bugun zuciyar yaron a na'ura, kamar mata biyu na lugude a gida mai nisa, sai da na fita waje na share fuska. A wajen wata na biyar likitar ta daɗe tana kallon allon. Ta kira ni da kanta in matso, ta nuna mini wani abu mai kauri a ƙasan hoton ta ce mabiyiya ce. Ni a sanina mabiyiya wata aba ce da ke biyo bayan jariri, mata su wanke a binne a bayan ɗaki, namiji ko kallonta ba ya yi. Ashe ita ke ciyar da yaron tun daga farko, ta nan yake samun abinci da numfashi. Tamu ta kwanta a ƙasa, daidai bakin mahaifa, ta tare hanyar fita. Likita ta ce sau da yawa in mahaifa ta ƙara girma takan ja sama, za a riƙa dubawa.

Aka yi ta dubawa. Kowane zuwa sai ta auna, ta duba yadda jini ke gudana zuwa ga yaron, ta ce shi yana girma lafiya. Amma mabiyiya ba ta gusa ba. A ƙarshe ta ajiye abin hoton ta yi wa Hajja Amna doguwar magana, tsohuwar kuma ta juya mana ba ta rage komai ba. Kada Habiba ta yi daka ko ta ɗauki abu mai nauyi. Kada in kusance ta. Ko ɗigon jini ta gani, asibiti. Uwa uba, kada a yarda naƙuda ta kama ta, don in bakin mahaifa ya buɗe mabiyiyar za ta yage, jini ya ɓalle, a rasa uwa da ɗa kafin a nemo mota. Tiyata za a yi mata kafin wata ya cika. Ta ce in son samu ne mu zauna a haihu a nan.

Ni na ƙi. Na gaji da ƙasar, shagona yana hannun ƙanena, kuma mutane sun fara tambayar wane irin wankin mahaifa ne ba ya ƙarewa. Na yi ta naci har likitar ta ce to, amma in yi mata alkawari Habiba za ta zauna kusa da asibitin da ke da jini a ajiye, kuma ni zan tsaya a kan maganar. Na ɗaga hannu na rantse. Hajja Amna ta rako mu har bakin mota, ta rungume Habiba ta daɗe. Ni kuma ta ce mini, "Ɗana, can babu ni. Ka gaishe mini da ƙasar kakana."

Mun iso Katsina lafiya. Na kai ta wani asibiti ta wajen GRA, suka sake hoto suka faɗi abin da aka faɗa a Masar. Har nan na cika alkawari.

Sai ciki ya shiga wata bakwai, lokacin goyon ciki ya yi. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, kowa ya sani. Da safe aka aiko cewa gwaggwanninta na nan tafe ɗaukarta. Na san ya kamata in tsaya in yi musu bayani. Amma ta yaya namiji zai tsaya gaban surukai yana zancen cikin matarsa, har da bakin mahaifa? Na ji sallamarsu a zaure, na bi ta ƙofar baya na tafi kasuwa. Da na dawo ɗaki ba kowa.

Ba a yi kwanaki da yawa ba Habiba ta kira ni ina shago. Muryarta ƙasa-ƙasa.

"Malam, sun ba ni taɓarya. Gwaggo ta ce mai ciki sai da motsa jiki, in ba haka ba naƙuda ta yi tsawo. Na faɗa ma Inna maganar likita, ta ce likitocin zamani wuƙa suke so, kuma wai ban da kunya ina zancen cikin fari. Yanzu na ga jini. Ba shi da yawa."

Na ce ta sake yi musu bayani.

"Na ɗaukar maka wancan sirrin. Wannan kai za ka zo ka faɗa da bakinka."

Na ɗauki motar maƙwabcina na nufi Ƙofar Sauri. Tun da na auri Habiba ban taɓa wuce tsakar gidan nan ba. Mahaifinta ya rasu, Inna ce mai magana, ni da ita kuwa gaisuwa ce daga nesa, ina durƙushe tana bayan labule. Ranar ma haka na cire takalmi na durƙusa a ƙofar ɗakinta. Gwaggo, yayar mahaifin Habiba, wadda ta karɓi haihuwar rabin unguwar, tana zaune a tabarma tana gyaran zogale. Ga turmin can a gindin bango da taɓarya a jingine. Muka gaisa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi kasuwa, ina amsawa ina jin kamar in yi ihu.

Na ce na zo in kai Habiba asibiti ne, kuma can za ta zauna har ta sauka.

Gwaggo ta ce, "Ikon Allah. Yau ga miji ya biyo goyon ciki. Kai Lawal, a Masar ɗin aka cire maka kunya?"

Na ce mabiyiya ce ta tare hanya. Kalmar ta fito daga bakina a gaban surukata, na ji kamar na tuɓe a kasuwa.

"Mabiyiya bayan ɗa take zuwa, shi ya sa aka ce mata mabiyiya," in ji Gwaggo. "Ni za ka koya mawa? Ɗan jinin nan ba komai ba ne, zaƙi ne, akwai abin da ake jiƙawa."

Inna ta yi magana daga bayan labule, a natse. "A gaya mashi ba a maida ɗiya kafin ta yi arba'in. Rai na Allah ne. Ciki kuma tunda hanya ta buɗe, in wannan bai tsaya ba, wanda ya ba da shi zai ba da wani."

Na dubi ƙasa. Akwai mata a madafa, na ji sun daina motsi.

Na ce, "Inna, hanya ba ta buɗe ba. Wannan cikin dasa shi aka yi a asibiti, da ƙwanta da nawa. Habiba ba ta taɓa samun matsala ba. Ni ne ba na haihuwa sai da taimako, kuma na sani tun da daɗewa na ɓoye. Duk magungunan da aka ba ta, a banza ta sha su. In wannan ya tafi ban san ko za a samu wani ba. In naƙuda ta same ta a ɗakin nan kuma, ita ma tafiya za ta yi."

Gwaggo ta bar zogalen a cinyarta tana kallona. Can sai labulen ya ɗaga. Ban taɓa ganin fuskar Inna kusa haka ba. Ba ta dube ni ba, ta wuce ta gefena kamar an ajiye buhu a ƙofar.

"Habiba! Ɗauko mayafinki. A hankali, kada ki duƙa."

A mota Inna ta zauna baya ta ɗora kan 'yarta a kafaɗa. Da na faɗa wani rami a hanya sai ta ce wa Habiba, "Ce mashi ya bi sannu."

Aka kwantar da ita. Kafin sati ya zagayo labarina ya gama Ƙofar Sauri ya tsallaka kasuwa. Wasu suka daina haɗa ido da ni, wasu suka riƙa yi mini sannu irin ta gidan makoki. Mahaifiyata ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata ba. Makonni kaɗan bayan haka, da rana tsaka, jinin ya ɓalle kamar yadda likitar Alƙahira ta faɗa. Tana kan gadon asibiti, ɗakin tiyata na kusa, ni da ƙannena mun riga mun ba da jini. Aka ciro mace, 'yar ƙarama amma tana kuka. Habiba ta daɗe ba ta farfaɗo ba, ta farfaɗo.

Muna tsaye a baranda, ni a wannan gefe, Inna da Gwaggo a wancan, sai wata nas ta fito da abu a ƙulle cikin baƙar leda ta ce ga mabiyiya, wa zai karɓa. Gwaggo ta miƙa hannu, don aikinta ne tun kafin a haife ni. Inna ta riƙe mata hannu.

"A ba mijin," ta ce wa nas ɗin. "Ya iya binne abu."

Na karɓa da hannu biyu. Da ɗuminta, kuma ta fi yadda na zata nauyi.